Ba-Tsini da Wuƙaƙen Kwamanda

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin kwana-kwana, amma a ashirin da biyun ƙarshe ba wanda ya kira shi da sunan da ke ɗinke a ƙirjin rigarsa. Ba-Tsini kowa ke ce masa. Har matarsa, Uwar Biyu, wadda ta rantse bakinta ba zai taɓa furta wannan suna ba, wata rana sai da ya suɓuce mata a gaban baƙi.

Ɗan mahauci ne. A bayan teburin mahaifinsa ya tashi, kuma tun bai iya rubuta sunansa ba yake gane wuƙar kirki daga kukan da take yi a kan dutsen wasa. Tsohon ya so ya gaje shi. Shi kuwa tun ranar da gobara ta tashi a layin masu katako, ya ga jar mota ta iso, maza sun diddiro suna jan tiyo, hankalinsa ya bar kan nama. Da ya sami aikin, mahaifin ya kwana uku bai ce masa uffan ba. A rana ta huɗu ya miƙo masa wuƙa cikin kube, doguwa, siririya, tsininta kamar allura.

"Tunda ka ƙi sana'ar gidanku, riƙe wannan. Kada ka je ka ba ni kunya da wuƙar yankan albasa."

Shekara tara tana ƙugunsa. Ta yanke igiya, ta yanke labule yana cin wuta, ta yanke takalmin wani da ƙarfe ya danne wa ƙafa. Abokan aiki kan ara, shi kuma ya tsaya a kansu har su dawo da ita.

Wata rana da hantsi aka kira su: mota ta ƙwace wa wani malamin makaranta, ta faɗa rami ta kife. Suka tarar da malamin rataye a jikin bel ɗin kujera, kai ƙasa, fetur na ɗiga, hayaƙi ya cika motar. Ba-Tsini ne ya shiga ta taga, yana jan ciki. Ba ya ganin komai. Ya laluba bel ɗin da hagu, ya zura wuƙar ƙarƙashinsa da dama. A daidai nan motar ta ɗan motsa, malamin ya zabura, tsinin ya shige tsakanin wuyansa da kafaɗa.

An fito da shi da rai. Likita ya ce da wuƙar ta gusa da faɗin yatsa ɗaya, da wani zancen ake yi. Ba wanda ya tuhumi Ba-Tsini, don a rahoto an rubuta cewa a haɗarin malamin ya ji rauni. Amma shi da ƙafarsa ya je asibiti, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Malam, ba gilashi ne ya yanke ka ba. Ni ne."

Malamin ya dube shi, ya fara dariya, zafi ya katse shi. "Ikon Allah. Mota ta kife da ni ta bar ni da ƙujewa, mai ceto ya zo ya ba ni ɗinki goma sha ɗaya. To na gode da ka fito da ni, amma don Allah na gaba ka yi masa a hankali."

Daga asibiti bai zarce gida ba. Ya koma ofis, ya shiga ɗakin gyaran kaya, ya kunna injin wasa, ya kafa tsinin wuƙar a kai har ya zama kamar bakin cokali. Da mahaifinsa ya gani, sai da ya juya ta sau uku a hannu.

"Kai, wane mugun ne ya yi mata haka?"

"Ni ne, Baba."

"Wannan ai ba wuƙa ba ce kuma. Ludayi ne."

"Baba, kai abin da kake yankawa ya riga ya daina motsi. Ni nawa yana numfashi, kuma so nake ya ci gaba."

Tsohon ya yi tsaki ya miƙa masa. Har ya bar duniya bai sake tambayarta ba.

Daga nan sunan ya bi shi, kuma daga nan ya zama mutumin da ba a sayen wuƙa a ofishin sai an kawo masa ya gani. Yana da nasa gwajin. Zai sa ka saka safar hannu ta aiki, ka tsoma hannun a bokitin ruwa, ka rufe ido, sannan ya ce, "Zaro ta da hannu ɗaya." In ka tsaya lalube, ta faɗi. In mariƙin ya zame, ta faɗi. Ba ya son baƙar wuƙa, don in ta suɓuce a cikin toka ta tafi ke nan. Ja yake so ko ruwan ƙwai. Rabin bakin ya zama da haƙora irin na zarto, saboda jiƙaƙƙiyar igiya ba ta jin kaifi sumul. Sai kuma tsini, wanda ba a ma yi masa maganarsa. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa kawo wata mai kai goma sha biyu, har da almakashi da abin buɗe kwalba. Ba-Tsini ya duba ya ce, "Kyakkyawa ce. Kai wa matarka, in kuma ba ka da mata, da wannan za ka samu."

Saura shekara huɗu ya yi ritaya aka kawo sabon kwamanda, matashi mai son tsari, takalminsa kullum kamar madubi. A watansa na biyu ya tara su a fili, ya buɗe kwali: wuƙaƙe ashirin da huɗu, baƙaƙe wuluk, kowacce da tsini mai sheƙi. Ya ce daga yau kowa ita zai rataya, iri ɗaya, don manya za su zo duba ofis ranar Alhamis.

Ba-Tsini ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, ƙarfen mai kyau ne, haƙoran ma ba laifi. Amma a bar ni in cire musu tsini, in naɗa jan tef a mariƙin."

"A cire me? Tsinin ai yana da amfani. Da shi za ka huda abu, da shi za ka ɓanɓare."

"Muna da gatari a mota, yallaɓai, muna da ƙarfen ɓanɓara. Wuƙa kuwa jikin mutum take zuwa."

"Baba, zamani ya wuce wannan tsoron. Kayan hukuma ne, ba mai taɓa su. An gama magana."

Washegari da safe, kafin fareti, direban babbar mota da ake kira Dogo ya ji injin wasa na kuka. Ya leƙa ɗakin gyara, ya ga wuƙaƙe jere a kan tebur, goma sha bakwai sun riga sun zama guntaye, tartsatsi na tashi.

"Ba-Tsini! Ka haukace ne? Korarka za a yi!"

"Miƙo min ta gefenka, Dogo. In kana tsoro, ka ce ba ka gan ni ba."

Dogo ya waiga, ya miƙa masa. Ashirin da uku ya guntule. Ta ashirin da huɗu tana ƙugun kwamanda.

Kafin azahar takardar tuhuma ta iso: lalata kayan hukuma da ƙin bin umarni. Aka kafa kwamitin mutum uku, shugabarsu wata mataimakiyar darakta, dattijuwa mai tabarau wadda ba ta cika magana ba. Ranar zaman, Ba-Tsini ya shigo ɗakin taro ɗauke da tsohuwar kujerar mota a ka, bel ɗinta na reto. Ya dire ta a tsakiyar ɗaki, ya koma ya shigo da bokitin ruwa.

"Mene ne wannan?" in ji shugabar.

"Amsata ce, ranki ya daɗe. Ban iya dogon rubutu ba. Ina roƙon yallaɓai kwamanda ya zauna a nan."

Kwamanda ya ce shi bai zo wasan kwaikwayo ba. Shugabar ta cire tabarau ta ajiye, ta tashi ta zauna da kanta, ta ja bel ta ɗaura. Ba-Tsini ya saka safar hannu, ya tsoma a ruwa, ya sa Dogo ya rufe masa fuska da baƙin ƙyalle. Ya laluba kafaɗarta, ya zura guntuwar wuƙar a gefen wuyanta, ƙarfen na gogar fatarta, ya ja sau ɗaya. Bel ya rabu biyu. Ko ja wuyanta bai yi ba.

Bai cire ƙyallen ba ya miƙa hannu. "Yanzu a ba ni ta yallaɓai, mai tsinin. Akwai sauran bel a ƙugu. Ki ɗan riƙa motsi, ranki ya daɗe, kamar wadda ta firgita."

Ta kwance bel ɗin, ta miƙe tsaye tana gyara mayafi. "A'a, malam. Na gane."

Ta gane ɗin, amma doka doka ce. Bayan sun yi shawara ta ce masa kwamiti ya ga hujjarsa, kuma za ta rubuta a duba irin wuƙaƙen da za a riƙa saye nan gaba. Sai dai ya taɓa kaya ba da izini ba. In ya rubuta takardar ban haƙuri, ya amsa cewa kuskure ya yi, magana ta tsaya a gargaɗi.

"Zan rubuta cewa ban nemi izini ba, don ban nema ba. Amma kuskure, ban yi ba."

"Kalma ɗaya ce fa."

"Ita ce ba zan rubuta ba, ranki ya daɗe."

A gida Uwar Biyu ta tsayar da keken ɗinkinta ta saurare shi har ya gama. "Baban Biyu, layi biyu ne. Ni zan rubuta maka, kai dai ka sa hannu. Da furfurarka za ka tsaya jayayya da sa'an ƙaninka?"

"In na ce kuskure ne, gobe yaran nan su rataya masu tsini, su ce ai shi ma ya janye. Ni na san yadda ake ji in ƙarfe ya shige jikin wanda ka zo ceto. Ba na so su sani."

Ta girgiza kai. "Taurin kan nan dai ba a wasa shi da inji, ko?" Ta ci gaba da ɗinkinta.

Aka hana shi ƙarin girman da yake jira, aka tura shi wani ƙaramin ofis a ƙarshen gari, mota ɗaya, ma'aikata shida, tafiyar bas biyu daga gidansa. Shekara huɗu yana wannan zirga-zirga, kwanon abincinsa a jaka, gwiwarsa na ciwo. Sau biyu Dogo yana kawo saƙo cewa kwamanda ya huce, a rubuta takardar kawai a dawo da shi. Sau biyu yana cewa a gaishe da yallaɓai. A can ya koya wa mutum shidan nan gwajin bokiti, ya fitar da mata biyu daga motar haya da ta faɗa ruwa, ya kwance wani lebura da igiyar injin ɗaga kaya ta naɗe wa hannu. A tsohon ofis kuwa ba a sake sayen wasu wuƙaƙen ba, don haka guntayen aka ci gaba da ratayawa, kowacce da jan tef ɗin da ba wanda ya amsa cewa shi ya naɗa.

Ranar da zai ajiye aiki ya kai kayan hukuma sito: hular kwano, riga, takalmi, da wuƙa ɗaya daga cikin ashirin da ukun. Ma'ajin sito ya duba ta, ya cike fom, ya turo masa. A gaban wuƙar ya rubuta: lalatacciya.

Ba-Tsini ya karanta, ya ajiye biro. "Gyara wannan."

"Baba, ba ta da tsini. Haka zan rubuta."

"Rubuta ba ta da tsini. Kada ka rubuta lalatacciya."

"Gurbi biyu ne kawai a fom ɗin, mai kyau ko lalatacciya."

"To ka san wanda za ka zaɓa."

Ya jawo benci ya zauna, ya buɗe kwanon abincinsa. Layi ya taru a bayansa, masu karɓar kaya suna gunaguni, shi kuwa yana ci a nutse, har yana yi wa ma'ajin tayi. Wajen ƙarfe uku ma'ajin ya share gumi, ya yaga fom ɗin, ya ɗauko sabo ya rubuta: mai kyau. Ba-Tsini ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya rufe kwanonsa, ya fita neman bas.