Hoton Auren Christabel

Duk wanda ya yi karatu a Samaru a farkon shekarun dubu biyu, da wuya a ce bai tsaya gaban labulen Elias mai hoto ba. Wani mai fenti a Sabon Gari ne ya zana masa shi: dutse, ruwa na zubowa, da tsuntsaye masu kama da agwagi. Ɗalibai da mawaƙan coci da sababbin aure, kowa nan yake zuwa ya dafa kujera ya yi murmushi.

Sai Felix ya buɗe shago a tsallaken titi. Felix ɗin da Elias ya koya wa saka fim a kyamara, wai shi ne ya zama mutum. Shi ba ruwansa da labule. Ran Asabar yakan kwashi mutane zuwa ƙauyen kakarsa can bayan Shika, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, ya ɗauke su a gabansa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Elias yana zaune yana kallon mutanensa suna tsallaka titi, abin na cinsa kamar gara.

Duk wannan da sauƙi, sai da 'yarsa Christabel ta zo aure.

"Baba, kada ka yi fushi," ta ce, tana wasa da bakin gyalenta. "Hoton auren, a wajen ruwan nan nake so. Felix ya ce zai kai mu."

"Ina raye?" in ji Elias. "Ni na ɗauki hotonki ranar suna. Ni zan ɗauki wannan."

Ran Asabar ya hau acaɓa a ɓoye, da tambaya ya kai ƙauyen. Da ya ga ruwan sai dariya ta kama shi. Ashe abin da ake ta zuzutawa bai fi tsayin katangar gida ba, mata ma na wanki a gefe. Bai gama dariyar ba Felix ya iso da wasu 'yan mata. Elias ya laɓe bayan ɗorawa yana leƙe. Sai ya ga Felix ya kwanta rub da ciki a cikin laka, ya ɗaga kyamara sama. Nan Elias ya gane: in aka ɗauka daga ƙasa, ɗan ruwan nan sai ya fito a hoto kamar daga gajimare yake zubowa. Baƙin ciki ya turnuƙe Elias, don wannan dabara ba shi ya koya masa ba.

Ranar biki, ana fitowa daga coci, Elias ya kai amarya da ango wurin. Uban amarya guda, da farar shaddarsa sabuwa fil, ya kwanta cikin laka. Matarsa Ƙauna ta rufe fuska don kunya. Gwiwarsa ta yi sati tana ciwo, shaddar kuwa ba ta ƙara sawuwa ba.

Amma hoto ya yi kyau, ba ƙarya. Elias ya wanke shi babba, ya sa a gilashi, ya rataye a ƙofar shago inda za a hango daga tsallake.

Malama Bilkisu, tsohuwar mai zuwa shagon, ita ta fara tsayawa. Ta daɗe tana kallo, tana gyaɗa kai.

"Allah ya sanya alheri, Malam Elias," ta ce. "Gaskiya Felix ya iya aiki."