Matar da Ba Ta Yarda da Turaren Wuta

A unguwarmu a Gashuwa ba kowa ke murnar jin sallamar Zulaihat ba, kuma ita ma ta sani. Ta ƙare aikin jinya a wani asibiti a Nguru, ta dawo gida da ciwon gwiwa da bakin da ba ya rufa wa kowa. Ba ta gama hutawa ba ƙungiyar matan da ke tura masu jinya gidajen tsofaffi ta roƙe ta ta riƙa zagayawa tana duba aikinsu. Muka ce sun jawo wa kansu.

Ba ta dogara da amsar majinyaci. Ta ce tsohon ƙasar nan ko wuta ke cinsa, "da sauƙi" zai ce. Sai ta duba farce, ta shinshina kofin ruwa, ta cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗa, sannan ta ɗaga zani ta duba baya da diddige. Abin da ta fi tsana shi ne ta tarar da kasko yana hayaƙi a ɗakin mara lafiya. Mu kuwa a nan ɗakin da ba turaren wuta ai ba ɗaki ba ne, har ni ma na taɓa cewa fitina ce kawai irin tata.

A gidan maƙwabciyata Nagoggo na gane nufinta. Nagoggo tsohuwar mai bandar kifi ce da ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta suna nesa, aka ɗauko mata Rahima, wata bazawara mai haƙuri, take jinyarta. Duk wanda ya shiga dubiya sai ya fito yana yabon ƙamshin ɗakin. Ranar da Zulaihat ta zo ina zaune. Ta sa aka fitar da kasko, ta ɗan jira, ta ɗaga zanin tsohuwa. Ga gyambo a ƙugunta na dama, ya ci nama ya yi rami. Na kawar da kai, kunya ta kama ni, don kullum ina shiga ɗakin.

"Rahima, yaushe rabonki da juya ta?"

Rahima ta fashe da kuka. "Wallahi Inna, ita ta hana. Ni kuwa ba zan iya yi wa sa'ar kakata dole ba."

Nagoggo ta yi magana da ƙyar. "Ki bar yarinya, 'yar nan. A dama nake kwance, fuskata na gabas. Idan kuka juya ni hagu mutuwa ta zo, in tafi ina kallon yamma?"

Na ɗauka Zulaihat za ta yi faɗan da ta saba. Sai ta zauna a ƙasa duk da ciwon gwiwarta. Ta faɗa wa tsohuwa gaskiya ba kwana-kwana, cewa idan ba a ɗaga wannan ƙugun ba ciwon zai shiga jini ya kashe ta. Sannan ta ce mu kama katifar. Muka juya ta, kai ya koma inda ƙafa take, aka kwantar da Nagoggo a hagu, sai ga fuskarta tana kallon gabas.

"To damar fa?" in ji tsohuwa.

"Iya, na yi miki alkawari, in lokacin ya zo a dama za ki tafi. In ba na nan, Rahima tana nan."

Ba ta sa an kori Rahima ba, ko da yake 'ya'yan sun so haka a waya. Ta kawo likita ya gyara ciwon, ta koya wa Rahima wankinsa da juyin katifa, ta kuma hana kasko shiga ɗakin, don in wari ya taso a ji shi. Masu dubiya suka yi ta gunaguni, ko a jikinta. Ciwon ya ɗauki lokaci, amma Nagoggo ta ga girbin shinkafa, ta ga wata damina, har ta koma faɗan an cika wa miya barkono.

Wata safiya Zulaihat tana Nguru duba wani tsoho numfashin Nagoggo ya canza. A hagu take. Rahima ta kira ni da ƙarfi, muka kama katifa muka juya, ta rungume tsohuwa ta mayar da ita dama tana karanta mata kalmar shahada. A haka ta cika.

Zulaihat ta iso kafin a yi wanka. Ta yi addu'a, sannan ta ɗaga zanin kamar yadda ta saba. Gyambon ya rufe, sai tabo. Ta daɗe da hannunta a wurin, hawaye na zuba, abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta juyo ta dubi Rahima.

"Je ki ɗauko kaskon," ta ce. "Yanzu ki sa mata turarenta."