Man Shanun Gashe Yihune

Shekara talatin da huɗu Gashe Yihune yana riƙe da mabuɗin cocin Maryam da ke kan tudunmu. Ba ya karatu, amma ya san kowane mala'ika da aka zana a jikin bangon cocin kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Duk shekara, ana jibi idin Maryam, sai ya zaga gidaje da ɗan ƙoƙonsa, mata su zuba masa man shanu mai kyau, irin wanda ake ɗora wa amarya a ka. Da shi yake shafe fuskar Maryam da ta Ɗanta. Ranar idi sai su yi ta sheƙi a hasken kyandir, mu kuwa mu yi ta kuka. Da fuskar ta soma duhu, muka ce zunubanmu ne.

Bara aka turo mana Sinidu, mai gyaran tsofaffin zanen bango. Ta goga auduga a kuncin Maryam, ta shinshina, ta juyo ta dube mu. Mun kai mutum ashirin, har da limaminmu Abba Minale.

"Iyayena, wa yake soya wa Maryam fuska? Mai ne wannan. Shi yake kama hayaƙi da ƙura, yana ɓamɓare launin."

Man gidana yana cikin ƙoƙon nan tun kafin a haifi Sinidu. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata.

"Ni ne, 'yata," in ji Gashe Yihune. "Na ga fatarta tana bushewa."

Wani ya ce daga baya, "To, Gashe, saura barkono." Aka yi dariya. Har da ni.

"Fuskar za ta dawo?" Gashe Yihune ya tambayi Sinidu.

"Ido ɗaya da goshi, wataƙila. Bakin ya tafi."

Ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa Abba Minale. Abba, wanda yake sa wa ƙoƙon albarka duk shekara, ya karɓa.

Wata biyu Sinidu tana aiki, idon ya fito, baƙi, mai faɗi. Ta aika a kira Gashe Yihune har sau uku, bai zo ba.

Yanzu a waje yake addu'a, goshinsa a jikin katanga. Ranar Lahadi nakan bi ta ƙofar kudu, don kada in wuce ta gabansa.