Abin da Yaya Kande ba ta taɓa ba wa jiƙo ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe yayata Kande a Matankari, Allah ya jiƙanta da rahama. Ungozoma ce, kuma mai maganin saiwa. Matan yankinmu na Arewa daga Lugu har Ɗan Kassari sun sha jiƙonta na sabara da kalgo, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Amma tana da wata ƙa'ida da ba a lanƙwasa ta. Idan mace ta zo da ciwon mara na farat ɗaya, gefe guda, tana amai ta kasa miƙewa, Yaya ba ta ko duban tukunya. Sai ta ce wa mijin: "Ɗaura jakinka, ku tahi likita. Wannan ɗaurin ba na itace ba ne." Ko an roƙe ta da Allah, ba ta ba da ko kurɓi ɗaya, don kada a sha a koma gida ana jiran sauƙi. Daga baya likitoci suka gaya mana sunan abin: jakar ƙwan haihuwa ce ke murɗewa, jini ya yanke mata, in an yi jinkiri jakar ta mutu.

Yanzu ana cewa masana suna gwada ruwan tsirrai a kan ɓeraye, ko zai rage lahanin da jakar ke samu sa'ad da aka warware ta jini ya komo. Na tabbata da tana raye da ta yi murmushi, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai da ta lura cewa warwarewa ce a gaba, itace a baya.

Jikanta Salifu bai lura ba. Na iske shi a kasuwar Dogon Dutsi da kwalabe, yana shelar cewa jiƙon kakarsa na kwance murɗewa, har Turawa sun shaida. Mata kuwa na saye, saboda sunanta.

Na ce masa: "Salifu, jiƙon nata ne, alƙawarin naka ne. Sayar da naka da sunanka."

Ya ce: "Kaka, ai gado ne."

Gado ne lalle, amma ya ɗauki tukunya ya bar hankalin. Don haka ni ƙanenta nake shaida wa duk macen da ke karanta wannan, ko aka karanta mata: Kande ba ta aiko kowa da wannan kwalba ba. In ciwon ya zo, ki nemi likita tun da sauran lokaci.