Ranar da Ma'u ta daina ɗura

A garin Zakka, in jariri ya ƙi kunu, Ma'u ake kira ta yi masa ɗura: ta toshe hancinsa, ta tuttula da tafin hannu. Shekarar da naira ta fito ta haifi Sahabi da lalurar galahanga, harshe kullum a waje, ko nono ya sha sai ya ƙware.

"Ɗura masa mana," in ji uwar mijinta. "Ke da kika raya 'ya'yan mutane!"

Ta ɗura. Leɓɓansa suka yi baƙi, numfashinsa ya ɗauke. Ta kife shi a cinya tana bubbuga bayansa tana salati, har ya tsandara kuka.

Tun daga ranar, da bakin ludayi take ɗiga masa, idonta a maƙogwaronsa har sai ya haɗiye. Ba ta sake toshe hancin ɗan kowa ba.