Ƙofofi huɗu tsakanin Kakuri da Kamazou

Da asubar fari muka bar Kakuri, ni da uwargida, a keke-napep ɗin da muka ɗauka shata. Na san wani zai yi dariya jin na kira wannan tafiya, tunda Kamazou ba ta kai awa guda ba. To ni tun da aka yi mini aikin kansar dubura bara, in ka cire asibiti, ban wuce bakin layinmu ba. An cire cutar, mun gode Allah. Sai dai an bar ni da ciki marar haƙuri: in ya ce yanzu, to yanzun ne, wata rana har sau goma. Na daina zuwa coci, na daina zaman benci da tsofaffin abokan aikina na masaƙa. Duk wanda ya tambaya sai in ce ƙafa ce ke damuna.

Ranar za a miƙa jikana ga Ubangiji a cocinsu, 'yata kuma ta kafe cewa ni zan riƙe shi a gaban jama'a. Tsorona ɗaya ne, kada in ɓata kaina a hanya.

Tun azahar ɗin jiya ban sa komai a baki ba, dabarar masu irin lalurata ke nan. Shi ya sa ƙanshin ƙosai a unguwar Television ya yi mini kamar da gayya ake yi. Ga doya tsibi-tsibi a bakin titi, da tsadar da sai dai kallo. Direbanmu kuwa mutum ne mai ladabi, bai wuce rami ɗaya bai gaishe shi ba.

A Sabon Tasha wata tirela ta tare hanya, muka tsaya cik. Nan cikina ya murɗa, zufa ta keto mini. Uwargida ta dube ni sau ɗaya, ta ce wa direba, “Shiga lungun nan, gida na biyu.”

Ƙofar a buɗe take. Wata dattijuwa da na sani a zumuntar matan cocinmu tana zaune a tsakar gida. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

“Baba, bayin yana hannun dama,” in ji ta.

Na tarar an cika bokiti, ga sabon sabulu. Na fito lafiya lau, amma raina a ɓace. Muna komawa keke na ce wa uwargida, “Wato kin faɗa mata.”

“Su huɗu na faɗa wa,” ta ce. “Gida huɗu ne a kan hanyar nan, kowacce ta buɗe ƙofa tun asuba. Ciwo ka yi, Baban yara, ba sata ba.”

Na kumbura har Kamazou. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A coci na zauna kusa da ƙofa, na fita sau ɗaya lokacin wa'azi. Da aka kira mu gaba na karɓi yaron, ya kama mini gemu kamar mun daɗe da sabawa. Fasto ya ja addu'a son ransa, cikina bai ce uffan ba. A gidanta 'yata ta zubo gwate mai zafi, na sha rabin kwano, fushin kuma na neme shi na rasa.

Da za mu dawo, ni da bakina na ce a tsaya a sauran gidajen uku in yi godiya. A na ƙarshe matar ta tare ni da mita: “Haba Baba! Tun safe na hana kowa shiga bayi, ka ƙi zuwa.” Muka yi ta dariya har mijinta ya leƙo.

Mun iso Kakuri kafin la'asar. Cikin nan bai warke ba, wataƙila haka zan ƙarasa da shi. Amma na gane ɓoyon ya fi ciwon tsare ni a ɗaki. Shekara guda ina gudun kada mutane su sani, ashe da suka sani ruwa kawai suka ɗebo mini.