Baƙuwar da Ta Zauna a Ƙasa

A harabar coci a Nasarawa ana rabon masara daga saman mota. Malam Istifanus yana kallon baƙuwar da ƙungiyar agaji ta turo duba rabon. Siririya ce, takalmanta duk jar ƙasa, da alama ta saba da hanyar ƙauye. Ta hango wani tsoho gurgu da turereniya ta bari baya, ta tattare zani ta zauna kusa da shi.

"Baba, ka samu?"

"'Yata, da wane tsayin?"

Ta ɗaga murya: "Direba, sauko da buhunan!"

Istifanus ya ji kamar marigayiya Lydia aka yi wa, 'yarsa gurguwa da kullum shi ake tambaya a madadinta. Da yamma ya goge keken guragu na Lydia, ya kai wa tsohon.